Gahawar Kora a Ranar Neman Aurena

Masu bibiyata, barkanmu da Sallah. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn da ta ce in ba na son Midhat in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki karanta abin da na aikata washegarin Sallah tukuna. Saura ƙiris ki same shi ba tare da kin roƙa ba.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Nermina. Ina aiki a wani ɗan ofis a ƙasan benen jami'a, jikin ɗakin tukunyar ɗumama gini. Nan malamai masu bincike suke kawo abin da suka ƙirƙiro mu nema masa takardar mallaka, mu kuma duba ko sun bi sharuɗɗan masu ba su tallafi. Rabin aikin sauraro ne, ni kuwa na iya. Shekarun da na yi ina ɗinka saman takalma a masana'anta, kafin in koma makarantar yamma da girmana, su suka koya mini: keke na ruri, mata na zuba, ke dai ki kasa kunne.

A ofishin nan na haɗu da Midhat. Likitan dabbobi ne da ya koma bincike, dogo, mai tafiya kamar yana ba ƙasa haƙuri. Ya shigo da wata ƙatuwar takarda a naɗe a hammata, wai zai tafi taro ya nuna wa duniya abin da ya gano. Ya kwashe duk abin da ke kan teburina, da almakashi da hatimi da kofin shayina, ya jera su yana yi mini bayani. Na bar shi ya kai aya, sannan na ce, "Dokta, ba za ka je taron nan ba."

Dokar guda ce, ba ta da tausayi. In ka bayyana yadda ƙirƙirarka take aiki a bainar jama'a kafin a shigar da takardarta, ta tashi daga sabuwa, ta zama ta kowa. Ko a taro ka faɗa, ko a jarida, ko a bidiyo. Idan ta Midhat ta zama ta kowa, kamfanin da ya yi alkawarin ƙera ta zai janye, masu tallafi ba za su sabunta ba, shi kuma kwantiraginsa da tallafin yake rataye. Sai ya ɗauki jaka ya bi sahun abokansa zuwa Jamus.

Abin da ya gano ya shafi kaskar nan da ke maƙale wa ƙudan zuma ta kashe amya sukutum. Iya abin da zan faɗa muku ke nan, kada ma ku fara yi mini magiya.

Da na ga na fara gyara ɗankwali in na ji takunsa a matakala, na tattara fayil ɗinsa na kai wa shugabata, Madam Gordana. Ka'ida ce, ba ka riƙe aikin wanda zuciyarka ta karkata gare shi. Ta zare tabarau ta dube ni ta ce, "To, Allah ya sanya alheri. Amma ki sani, bakinsa har yanzu aikinki ne."

Takardar ta kammala tun cikin azumi. Abin da ya rage shi ne sa hannun abokan aikinsa na Sloveniya, domin yarjejeniyar tallafin ta ce ba a shigarwa sai kowa ya sa hannu, mai sa hannun nasu kuma ya tafi hutu kan dutse inda waya ba ta kamawa. Sai bayan Sallah. Babona, wato mahaifina, kuwa ya riga ya yanke rana: a zo neman aure washegarin Sallah, lokacin da 'yan'uwa suke gida.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Babo. Sunansa Hajrudin, kiwon zuma yake a ƙauyenmu da ke saman Srebrenik, kuma tun da ƙanena ya saya masa waya mai kyau ya buɗe shafi yana koyar da kiwon zuma kai tsaye. Masu kallonsa daga ko'ina suke, har da masu sayar da magungunan amya. Babo mutumin kirki ne, amma magana ba ta kwana a cikinsa. Ranar da likita ya ce Mama tana da ciwon suga, kafin su iso gida liman ya riga ya sa ta a addu'a. Shi ya sa ban taɓa gaya masa aikin Midhat ya shafi zuma ba. Na ce masa malamin jami'a ne, na yi shiru.

Da safiyar ranar ina goge tiren tagulla saƙon Madam Gordana ya shigo.

"Barka da Sallah. Ɗan Sloveniya bai sauko ba. Ki ɗaure bakin angonki."

Ban gama karantawa ba na Midhat ya biyo baya.

"Na yi tunani. In zo da takardar alkawarin riƙe sirri Babo ya sa hannu? Sai in gaya masa komai hankali kwance."

Na rubuta, "Ka zo neman 'yar mutum, ka miƙa masa biro ya rantse ba zai yi surutu ba?"

"Zan sa ta cikin kwalin alewa."

"Midhat."

"Na bari. To in ya tambaye ni aikina fa?"

"Ka ce bincike. Ka ci baklawa. In bakinka a cike yake ba ka magana."

"Ina tsoro, Nermina. Kin san in na tsorata bayani nake yi."

Na sani. Shi ne abin da ya hana ni karyawa.

Na sa doguwar rigata mai ruwan ganyen zaitun, wadda na ɗinka da hannuna, da ɗankwali ruwan madara mai ɗan aikin zare a baki, da 'yan kunnen kakata masu kamar ɗigon ruwa. Ina fitowa na yi karo da Tetka Zumreta, yayar Babo, wadda ta iso daga Graz da jajibere. Tana sanye da riga ja mai ƙyalli, awarwaro tun daga wuyan hannu har kusan gwiwar hannu, turarenta kuwa ya riga ta shiga kowane ɗaki.

Ta kewaye ni ta ce, "Kore? Kamar za ki gaisuwar mutuwa. Ke dai karatun nan da kika yi da tsufa ya cinye miki ido. Shekara talatin da biyu kina ƙwanƙwasa maza kamar mai sayen kankana."

"Ina kwana, Tetka."

"Lafiya. Fikret yana gaishe ki. Ya ƙara mota, yanzu uku, kowace da sunansa a jiki, Fikret Mai Tayil, da lambar waya. Namiji ke nan, aikinsa a rubuce a kan titi. Naki fa, me yake yi?"

"Bincike."

"Me ya ɓata?"

Mama ta leƙo daga kicin ta ce, "Zumreta, ki bar yarinya ta sha iska."

Sai da na shiga falo da faranti na ga abin da ban yi tsammani ba. An shimfiɗa sabon kilishi a ƙasa, an ɗora farin mayafin saƙa a kan tebur, ga baklawa, gurasar nan mai zaƙi, ga alewa, ga kwalbar zumar bara. A jikin kwalbar kuma ga wayar Babo a jingine, jar fitilarta tana ƙiftawa.

"Babo, kai tsaye kake?"

Ya gyara hularsa ya ce, "Gaisuwar Sallah na yi wa jama'a, sai suka ce in bar ta su ga surukina. Gaishe su mana."

"Don Allah ka kashe. Maganar gida ce."

"Me muke ɓoyewa, 'yata? Sata muka yi? Ga kawunki na Sweden yana kallo, ga Sakib maƙwabci, ƙafarsa ke ciwo ba zai iya shigowa ba." Ya karkato ya leƙa wayar. "Sakib, kana ji? Ɗaga yatsa."

In na ce akwai sirri, zai tambayi na mene ne, a gaban duk waɗannan mutane. Na ruga kicin na rubuta wa Midhat, "Babo yana watsa komai kai tsaye. KADA KA YI BAYANI." Ina turawa na ji sallama a ƙofa.

Ya zo da ƙanin mahaifinsa, Amija Ramiz (amija dai baffa ke nan, haka muke kiran kowane dattijo), tsohon direban bas mai gashin baki kamar tsintsiya. Midhat ya sa kwat baƙa wadda hannunta bai kai masa ba, yana rungume da furanni da kwalin gahawa da sukari. Suka cire takalma, Mama ta tura musu silifas. Ta karɓi babbar rigar sanyinsa ta rataye a soro. Ina tsaye bayan labule na ji rigar ta yi ɗan gurnani. Wayarsa ke nan a aljihu, da saƙona a ciki.

Kun san dai yadda abin yake a gidan kowa. Gahawa uku ce: ta maraba, ta hira, da ta ƙarshe. Baƙon da ya zarce, ana kawo masa ta ƙarshen tsararo, ruwa-ruwa, ya gane ya nemi takalminsa. Ranar neman aure kuwa ta ƙarshen ita ce bakin yarinya. Ba ta zama, ba ta magana, tire kawai take shiga da shi. In ta kawo mai kauri mai zaƙi, ta amince. In ta kawo akasin haka, ba sai an yi wa kowa fassara ba.

Na shiga da ta maraba, idona a ƙasa. Na yi ƙoƙarin nuna wa Midhat wayar da gira. Ya yi mini murmushi kamar wanda aka ba kyauta. Na koma bayan labule na kasa kunne.

Babo ya ce, "To, ɗana, an ce a jami'a kake. Me kake koyarwa?"

"Ba na koyarwa sosai, Amija. Bincike nake."

"Madalla. A kan me?"

Na ji ƙarar cokali a faranti. Yaron kirki, ya cusa baklawa.

Tetka ta ce, "A bar shi ya haɗiye, ba gudu muke ba."

Ya haɗiye. "A kan... ƙananan halittu."

"Kamar me? Kaji?"

"Sun fi kaji ƙanƙanta."

"Tattabaru?"

"Ba zan iya faɗa ba tukuna, Tetka. An hana ni."

"An hana ka!" Awarwaronta suka yi kuka. "Wa ya hana ka? Hajrudin, ka ji? Ni a Graz na san wani da ya ce an hana shi faɗin aikinsa. Yanzu matarsa ranar Lahadi take kai masa abinci, ta bayan gilashi suke gaisawa."

Babo ya juya ga Amija Ramiz. "Malam Ramiz, kai ne babba. Me yaron nan yake yi?"

Amija Ramiz ya shafa gashin baki ya ce, "Wallahi Hajrudin, a mota na tambaye shi, ya ce in duba hanya. Amma yana salla, ba ya shan taba, kuma bai taɓa cin bashina ba. Ni iya sanina ke nan."

"Albashi fa?" in ji Tetka.

"Akwai, har ƙarshen shekara. Bayan nan ya danganta da tallafi."

"Tallafi! Sadaka ke nan da bakin 'yan boko."

Na kai ta hira. Goshin Midhat ya jiƙe, baklawa ta kusa ƙarewa a gabansa, kuma na ga yana kallon Babo irin kallon ɗalibin da ya san amsa aka hana shi ɗaga hannu. Na ajiye masa finjali da ɗan ƙarfi. Ya ce, "Na gode," da wata murya mai taushi. A raina na ce, ba soyayya nake yi maka ba, bawan Allah, gargaɗi ne.

Babo mutum ne da ba ya son baƙo ya ji kunya a gidansa. Da ya ga Tetka ta matsa, sai ya sauya zance don ya ceci yaron. Ya sauya zuwa abu ɗaya tilo da bai kamata ba.

"Ku bar maganar aiki. Kowa da wahalarsa. Ni nan da kuke gani, hunturun bana rabin amyoyina na buɗe na tarar shiru. Kaska. Na sa magani, na sa hayaki, na bi duk abin da aka ce. Ka ɗaga murfi ka ga bayin Allah a zube kamar an share su." Ya ajiye finjalinsa. "Akwai amyar da tun mahaifina take. Ita ma ta tafi."

Ko Tetka ba ta motsa hannu ba.

Sai Babo ya daki gwiwarsa ya yi dariyar ƙarfin hali, ya dubi wayar. "Jama'a, ku shaida. Duk wanda ya kawo mini maganin kaskar nan, wallahi 'yata zan ba shi, in haɗa masa da gonar bayan gida!"

Masu karatu, na leƙa ta gefen labule na ga fuskar Midhat ta haskaka kamar an kunna fitila a cikinta. Ya ture farantin baklawa. Ya jawo finjalinsa tsakiyar tebur. Ya miƙa hannu cikin kwanon sukari ya ɗebo ƙwayoyi. Na san wannan jeren. A teburina na fara ganinsa, da almakashi da hatimi.

"Amija Hajrudin," ya ce, "a ce wannan finjalin amya ce."

Ban san lokacin da na isa kicin ba. Mama tana tsaye kan murhu, ta ɗora sabuwar butar gahawa, ta zuba sukari har cokali huɗu, tana murmushi ita kaɗai.

"Saura kaɗan ta taso, 'yata."

Ba ni da kaɗan. Kuma ko ta taso, mai zaƙi cewa take ku zauna, mun zama ɗaya. Za su zauna har magariba, shi kuma da murna a cikinsa sai ya zana musu abin a jikin bango. So nake ya fita daga gaban wayar nan, yanzu. Na fizgi tsohuwar butar da aka gama da ita, mai guntun tukar gahawa a gindi, na tuttula mata ruwan zafi, na jera finjalai.

Mama ta riƙe mini hannu. "Nermina! Kin san me kika ɗauka?"

"Na sani, Mama. Sake ni."

Na shiga. Midhat yana cewa, "...to ita kaskar, abin da kowa bai lura da shi ba shi ne..." Na dire tiren a kan amyarsa da sukarinsa, na tsiyaya masa, na tsiyaya wa Amija Ramiz. Ruwan ya sauka kamar shayin marar lafiya. Furen da aka zana a gindin finjalin yana kallon kowa tar.

Kowa ya zuba wa finjalan ido.

Amija Ramiz ya dubi finjali, ya dubi rufin ɗaki, ya dafa gwiwa ya miƙe. "Tashi, ɗana. Hajrudin, mun gode da karamci. Allah ya maimaita mana."

Midhat ya ɗago ya dube ni. Na zare masa ido, na karkata kai wajen kwalbar zuma, na sake karkatawa har wuyana ya yi ƙara. Bai kalli wayar ba. Ni yake kallo, kamar yaron da aka mara bai san laifinsa ba. Sai ya ɗauki finjalin da hannu biyu ya shanye tas, ya ce, "Na gode, Nermina," ya bi bayan baffansa da silifas ɗin gidanmu a ƙafa. Sai da Mama ta bi shi da takalmansa har mota.

Tetka ta rungume ni, awarwaro suna cizon bayana. "Ashe kina da hankali! Bari in kira Fikret." A fuskar wayar Babo rubutu yana ta gudu sama kamar tururuwa. Ya miƙa hannu ya kashe ta, karo na farko da na ga ya kashe ba tare da ya yi wa jama'a sallama ba. Ya sa ta a aljihu ya fita ta ƙofar baya.

Na kira Midhat, ba a ɗauka ba. Na sake, haka. Sai saƙon Madam Gordana.

"Ina kallo daga gida. Finjali da ƙwayar sukari ba bayani ba ne, mun tsira. Aiki ya yi kyau. Amma yarinya, kin kori mijin."

Bayan la'asar na sami Babo a cikin amyoyi, ƙarƙashin itatuwan da suka fara fure. Ko hular raga bai sa ba. Yana ta hura hayaki a amyar da na san babu kowa a ciki.

Bai juyo ba ya ce, "In ba kya son sa, da kin gaya mini tun jiya. Ba zan tilasta miki ba, ko Zumreta za ta haɗiyi awarwaronta. Amma a gidana, ranar Sallah, a gaban mutane, a kori baƙo da silifas?"

Ni ba mai dogon zance ba ce, ku kun sani. Amma ranar na yi. Na ce ina son sa. Na ce tun ranar da ya jera mini almakashi nake son sa. Na gaya masa dokar, na gaya masa kamfanin da tallafin da Jamus. Na ce da ya ƙarasa jimlar nan a gaban wayarka, Babo, da aikinsa na shekaru ya zama na duk mai sayar da magani da ke kallo.

Ya juyo a hankali. "Wace jimla?"

"Wadda ya fara."

"Ta kaska?" Ya nemi wata amya da ba kowa ya zauna a kai. "Kaskata? Yaron nan da na bari Zumreta ta kira ɗan fursuna?"

"Shi."

"Yana aiki? Abin, yana kashe ta?"

"Babo, ba zan iya faɗa ba."

"Ba sai kin faɗa ba. Da zafi ne? In da zafi ne ki ɗaga gira."

"Babo."

"Da ƙara? Wani a Osijek ya ce da ƙara. Ki yi tari kawai."

Na tsaya ƙiƙam, na hana girata motsi, na haɗiye tarin da hayaki ya taso mini. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, ya share da bayan hannu.

"Wato bakina kika ji tsoro, ba nasa ba."

"Duka biyun."

Ya sa hannu a aljihu ya zaro wayar, ya shafa fuskarta da babban yatsa kamar mai sallama da jariri, ya miƙo mini.

"Riƙe. Kada ki ba ni sai ɗan Sloveniyan ya sauko daga dutsensa, ko na yi kuka. Ki kira yaron ki ce su dawo gobe bayan azahar. Kuma ki ji ni da kyau, gobe gahawa ɗaya ce a gidan nan, mai zaƙin da cokali zai tsaya a ciki. Tsohuwar butar nan uwarki za ta kulle ta."

Wanda bai san Babo ba ba zai gane abin da ya ba ni ba. Na rungume shi, yana warin hayaki da kakin zuma.

A ɗakina na sake kira. Wannan karon ya ɗauka.

"Na ga saƙonki," ya ce. "Sai da muka kai gidan mai na sa hannu a aljihu. Nermina, saura kalma nawa?"

"Ban ƙirga ba. Kaɗan."

"Amija ya yi mini wa'azi tun daga ƙofarku. Ya ce mata kamar bas ne, in ta wuce ka kada ka bi ta da gudu, mutuncinka zai zube."

"To me ya sa ka shanye?"

"Ke kika zuba."

Na rufe fuska da matashi duk da ba ya ganina. Na ce, "Gobe bayan azahar. Ka taho da silifas ɗinmu. Kuma Midhat, ko ƙwayar sukari ɗaya ka taɓa, da tire zan buge ka."

"Hannuna a aljihu zan zauna."

Na ajiye wayar ina jin kamar an sauke mini buhu. Na buɗe akwatin kakata na sa wayar Babo a ƙasan zannuwa, na kulle, na rataya makullin a wuya. Na je taga in sha iska.

Daga tagata ana ganin shingen da ya raba mu da Sakib. Na manta ban gaya muku ba, Sakib shi ne shugaban ƙungiyar masu kiwon zuma na yankinmu gaba ɗaya. Yana tsaye a nasa ɓangaren, ciwon ƙafar ya warke. Babo yana namu, ya dafa shinge, yana magana da hannu biyu. Ina kallo Sakib ya dafe kai, ya zaro tasa wayar.

Na leƙa na ƙwala, "Babo!"

Ya ɗago, ya ɗora yatsa a leɓe da alfahari, sannan ya amsa da muryar da ta isa masallaci, "Kwantar da hankalinki, 'yata! Ban faɗi yadda yake aiki ba, ai ban sani ba! Cewa kawai na yi su zo gobe su tambaye shi da kansu!"

Yanzu haka da nake rubuta muku, Mama ta aika gidaje uku aron finjalai, Tetka tana goge awarwaro wai ba za a yi babu ita ba, ɗan Sloveniya yana kan dutse. Tsohuwar butar kuwa na duba ko'ina, har cikin tanda. Mama ta kulle ta, makullin yana aljihun Babo.